Tsoho mai ciwon baifola ya dage sai ya yi azumi, meye hukunci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mahaifinmu ya haura shekara 70, yana da ciwon nan da likitoci ke kira baifola, wani lokaci ya birkice ba bacci sai surutu da rabon kuɗi, wani lokacin kuma ya kwanta ko magana baya son yi. Yana shan wani magani mai suna litiyam. Yanzu ya dage sai ya yi azumi, wasu yayyena kuma sun ce a ajiye maganin a koma ruƙya wai aljanu ne. Dan Allah ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar ajiye magani dai kar ma ku fara. Ruƙya da Alƙur'ani alheri ce, ku yi masa, amma ba ta hana shan magani, Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani ya bayin Allah, Allah bai sanya wata cuta ba sai ya sanya mata magani in banda tsufa, Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Tsufan Baba ba shi da magani, ciwonsa kuwa yana da shi, kuma yanke litiyam farat ɗaya na iya dawo da ciwon da ƙarfi. Abin da ke ban haushi, da hawan jini ne ba wanda zai kawo zancen aljanu.

Sai azumin. Litiyam ta ƙoda yake fita daga jiki, ita kuwa ƙodar tsoho ta riga ta rage ƙarfi, to in ya wuni bai sha ruwa ba maganin sai ya taru a jini ya zama guba, ka ga hannu na karkarwa kofi ma ya gagari riƙewa, ga amai da gudawa, tafiya yana tangaɗi, magana na rikicewa, wannan asibiti ake yi nan take. Haɗari ya fi yawa in yana haɗawa da maganin ciwon gaɓɓai irin ibuprofen ko maganin hawan jini mai sa fitsari. Ga kuma rage bacci saboda sahur, wanda shi kaɗai ma yana tayar da ciwon.

Don haka ku kai shi wajen likitansa kafin watan ya kama, a gwada jini da ƙoda. In likita ya ce zai iya da canjin lokacin shan magani, ya yi. In ya ce akwai haɗari to ya sha azumin, ayar Baƙara ta 185 ta ba mara lafiya rangwame, in ma ana tsoron halaka shan ya zama wajibi. Zai rama in ana sa ran zai iya nan gaba, in kuwa ba hali har abada sai a ciyar da miskini mudun Annabi (SAW) ɗaya kowace rana, wajibi a wajen jumhur (mafi yawan malamai), mustahabbi a Malikiyya.

Ranakun da ciwon ya gusar masa da hankali gaba ɗaya an ɗauke masa alƙalami, sallar da lokacinta ya fita a haka babu ramuwa, kyautar da ya yi a halin ma ba ta zartuwa. Amma in yana cikin hayyacinsa mukallafi ne cikakke, kar ku riƙa yanke hukunci a kansa kamar yaro, ku zauna da shi ku karanta masa ayar. Wallahu a'alam.