Littafi kan matan da suka yi fice a ilimin taurari

Hajiya kin tambaya wane littafi za ki saya wa 'yarki kan mata masana taurari. Ki nemo The Glass Universe na Dava Sobel, ya fito a 2016, labarin matan jami'ar Harvard ne a Amurka da aka ɗauka suna auna hotunan sama a faifan gilashi kan albashi kaɗan, akwai Henrietta Leavitt da Cecilia Payne wadda ta nuna a 1925 cewa taurari yawanci sinadaran haidurojin ne da hiliyam.

Sai dai fa Turancinsa da nauyi, ga sunaye barkatai. Ƙanwata tana aji uku ta ajiye shi tun farko, sai da muka riƙa karantawa tare da daddare kafin ya shige ta.