Mahaifina ba shi da ƙarfi, mu sake saka masa ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 74, yana da hawan jini. Wata uku ke nan ba shi da kuzari, ko masallacin ƙofar gida zai je sai ya tsaya ya huta. Mun sayo masa maganin ƙarin jini na kwalba, mai kemis kuma ya zo gida ya saka masa ruwa leda biyu, mai launin ɗorawa. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, da dare sai a zaune yake iya barci. Yayyena sun ce a ƙara masa wani ruwan. Wane maganin ƙarfin jiki ne ya dace da tsoho? Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Kada a ƙara masa ko leda ɗaya, kuma a kai shi asibiti yau. Mai hawan jini da ke haki in ya yi 'yar tafiya, ƙafa ta kumbura, ya kasa kwanciya a miƙe, abin da muke fara zargi shi ne zuciya ta gaza tura jini, ruwa ya fara taruwa a huhu. Sai an duba shi za a tabbatar, amma wannan ba ciwon da ake jira da shi ba ne.

Maganar ƙarin ruwan nan ta daɗe tana ci mini rai, don kullum sai mun karɓi tsohon da ledar kemis ta kawo mana shi. Mutanenmu sun ɗauka akwai ƙarfi a cikin ledar. Babu. Ledar sukari ta rabin lita giram 25 na sukari ne a ciki, wajen ƙaramin cokali shida, kofin kunu ma ya fi ta amfani. Ledar gishiri kuwa giram 4.5 na gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini guda. Leda biyu irin wannan, gishirin kusan kwana biyu ke nan aka ɗura wa mai hawan jini kai tsaye a jijiya. Launin ɗorawar da ke burge ku bitamin B ne aka tsiyaya a ciki, kafin gari ya waye yawancinsa ya fita a fitsari.

Saurayi in aka saka masa lita guda, ƙodarsa ta zubar. Tsohon da zuciyarsa ko ƙodarsa ta raunana ba shi da inda zai kai ruwan, sai ƙafa da huhu. Ruwa na wanda jikinsa ya bushe ne, mai amai da gudawa da ya kasa sha ta baki, shi ma ana lissafa abin da ya shiga da abin da ya fita. Lasisin mai kemis na sayar da ƙananan magunguna ne, bai ba shi izinin soka wa kowa allura ba, balle ya rataye leda a ƙusar ɗaki ya koma shago. In numfashi ya sarƙe da tsakar dare, ba za ku same shi ba.

Maganin ƙarin jinin ma a dakata. In har jinin Baba ya yi ƙasa, tambayar ita ce ina yake zuba? A dattijo sau da yawa ta ciki ne, musamman mai shan diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon gwiwa. Maganin ƙarin jini yana mai da bayan gida baƙi, sai ya rufe alamar da za mu gane zubar da ita. Ki kuma bincika ko an ba shi dexa, wato maganin dexamethasone. Tana buɗe ciki, fuska ta ciko, a ce ya murmure, amma tana hawar da jini da sukari, tana tara ruwa a jiki. In ya daɗe a kanta kada a yanke masa ita lokaci guda, likita ne zai rage a hankali.

A asibiti za a auna yawan jini da sukari da aikin ƙoda, a ɗauki hoton ƙirji, a duba zuciya. In an shawo kan ciwon, ƙarfi zai dawo ta wake da ƙwai da kifi da nono, da rage gishiri da dunƙule da kanwa, da tafiya kaɗan kaɗan kullum.

Ki karanta wa yayyenki wannan amsa. Na san tausayi ne ya sa suke son a yi wani abu da ido zai gani, amma kuɗin ledar su kai shi ɗakin gwaji. Ku zuba duk abin da Baba yake sha a jaka ɗaya, har jiƙo da garin gargajiya da kwalbar da kuke jin nauyin nunawa, ku ajiye a gaban likita.