Ruwan rijiyarmu garau yake, me ya sa yara ke ta gudawa?

Tambaya: Salam likita. Daga Tudun Wadan Zariya nake, tunda damina ta sauka yarana biyu ke ta gudawa, ƙaramin har da amai. Ruwan rijiyar gida muke sha kuma ina sa alif ya kwanta garau. Ko dai haƙori ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Maganar haƙorin nan a ajiye ta tukuna, ai haƙori ba ya jawo gudawa da amai.

Shi alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Kwalara, taifot, atini, har shawara nau'in A da E, duk ta bahaya suke bi su shiga ruwa kuma ido ba ya ganinsu. A gidajenmu sau tari tsakanin rijiya da masai bai fi taku goma ba, ga guga a yashe a ƙasa kaji na tattaka igiyar, to da an tafka ruwan sama ƙasa ta jiƙe sai ƙazantar ta tsirga ta shiga rijiya ba wanda ya sani. A ƙa'ida mita 30 ake so tsakaninsu, amma wa ke da wannan filin a Tudun Wada?

Don haka in alif ya gama nashi ki tace, ki ɗora a wuta ya tafasa sosai na minti 1, ko ki sa WaterGuard, wato maganin kashe ƙwayar cuta a ruwa, yadda aka rubuta a jikin robar ki jira minti 30. Sannan randa! Nan ake yawan ɓata aikin, an tafasa ruwa amma yaro ya dawo daga wasa ya zurma hannu da moɗa. A rufe ta, a ware moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai.

Yanzu dai ki fara ba su ORS, wato haɗin gishiri da sukari na leda, da maganin zinc, zinc ɗin kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. In babu ORS a kusa, ruwa tafasasshe lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. Flagyl ɗin da ake saya a kemis ba izinin likita, a bar shi don Allah.

Amma in kika ga gudawar ta koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, ko ido ya faɗa fitsari ya ɗauke, yaro ya kasa sha, kar ki jira gari ya waye, kwalara cikin 'yan awoyi take tsotse yaro. Ki goya shi sai asibiti, kina ɗan ɗura masa ORS a hanya.