Ɗakin jarirai a gidan raino: lissafin yana farawa daga masu raino

Tambaya: Ina da shagon kayan jarirai a Kano, kuma ma'aikata mata da ke sayayya a wurina suna yawan tambayar inda za su ajiye jariransu idan hutun haihuwa ya ƙare. Ina da ɗakuna biyu a gida da ba kowa a ciki. Yaya ake tafiyar da rainon jarirai, kuma akwai riba?

Amsa: Hajiya, buƙatar akwai ta. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai jego hutun mako 12, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma suna samun fiye da haka, don haka jariran da za a kawo miki 'yan watanni kaɗan ne, wasu ma ba su kai wata uku ba. Sai dai a gidan raino ɗakin jarirai ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma ya fi ƙarancin riba, saboda mace ɗaya ba ta iya riƙe da yawa. A Ingila doka ta ce mai raino ɗaya ga yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu, kuma wannan ma'aunin nake ba ki shawarar bi. Jinjiri ɗan wata uku yana neman abinci duk bayan awa biyu zuwa uku, kowace shayarwa kuma a rungume ake yin ta, a sa shi ya yi gyatsa, a sauya masa famfas. Idan kika ba mace ɗaya shida, abin da za ta yi shi ne ta dafe kwalbar madara da matashi ta koma kan wani, kuma ta nan ne jariri ke shaƙewa.

Ga lissafin. A ce jarirai shida ne. Kina buƙatar masu raino biyu, da ta uku mai karɓar su lokacin salla da cin abinci, ita ce kuma mai wanke-wanke. Idan kika ɗauki naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, a matsayin ma'auni, albashi kaɗai 210,000 ne, wato 35,000 kan kowane jariri, ba a sa ruwa da wuta da sabulu ba. Ranar da biyu suka daina zuwa, nauyin ya koma 52,500 kan kowanne. Saboda haka ki yanke farashinki a kan gado huɗu cike, ba shida ba. Ki riƙa karɓar kuɗin wata tun farkonsa, ki rubuta tarar jinkirin ɗaukar yaro a takardar yarjejeniya, iyaye su kawo famfas da madara da kayan sawa. Ribar tana ɗaki na biyu, na masu shekara biyu zuwa huɗu, inda mace ɗaya ke kula da yara fiye da haka. Kuɗin shago daban, na raino daban, kar ɗaya ya riƙa rufa wa ɗaya asiri ba ki sani ba.

Abinci shi ne inda aka fi samun matsala. Nonon da uwa ta tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, kwana huɗu a firij. A zafin Kano na watan Afrilu kar ki dogara da awa huɗun nan, yana isowa a sa shi a sanyi, da sunan jariri da lokacin tatsa a jikin kwalbar. Wannan ya sa ƙaramin firij mai aiki da sola ya fi talabijin da labule muhimmanci a kasafinki. Ana ɗumama nono ne ta hanyar tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, ba a tafasa shi. Madarar gwangwani kuma da tafasasshen ruwa da bai huce ƙasa da digiri 70 ba ake haɗa ta, domin garin kansa yana iya ɗaukar ƙwayar cuta, sannan a bari ta huce. Abin da jariri ya rage a kwalba a zubar bayan awa ɗaya. Kafin wata shida ba ruwa, ba kunu. Zuma kuwa sai ya cika shekara, ko da kakarsa ce ta aiko da ita. Ki faɗa wa iyaye wannan tun ranar rajista don kar ta zama rigima.

Barci: kowane jariri da gadonsa, katifa mai tauri, a kwantar da shi rigingine, ba matashi, ba bargo mai kauri, da gidan sauro da aka ɗaure sosai. Wasu masu raino sun saba kifa jariri a kan ciki don ya fi daɗewa yana barci. Ki hana, domin wannan kwanciyar tana cikin abubuwan da ke jawo mutuwar fuju'a ga jarirai.

Wurin sauya famfas ya yi nesa da wurin haɗa madara, a wanke hannu da sabulu bayan kowace sauyawa, in ba haka ba gudawar yaro ɗaya za ta zagaye ɗakin cikin kwanaki, iyaye su kwashe 'ya'yansu. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki. Digiri 38 ga ɗan ƙasa da wata uku asibiti ne nan take, ba maganin zazzaɓi ba. Kar a ba yaro kowane magani sai da rubutaccen izinin iyaye, kuma ki karɓi kwafin katin rigakafi kafin ki karɓi jaririn.

Kafin ki kafa allo, ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa (CAC), sannan ki je ma'aikatar mata ta jiha da sashen lafiya na ƙaramar hukumarki ki ji sharuɗɗansu. Ki tanadi littafi da ake rubuta lokacin da kowane jariri ya ci, ya yi barci, ya yi kashi, da sunayen mutanen da aka yarda su ɗauke shi. Duk wanda ba ya cikin jerin, ko kawunsa ne, sai uwar ta kira da bakinta.