Amsa ga ƙanwata mai shirin fita TP: batun lasisin TRCN da ajin da za ki tarar

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na so in amsa sai aka ɗauke wuta waya ta mutu, sai yanzu na samu zama. Kin ce kina NCE 3, shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, za ki fita TP, wato koyarwar gwaji da ake tura ɗalibai makarantu, kuma abu biyu ne suka tsaya miki a rai, wai kina jin ana cewa NCE kaɗai ba ta isa ba yanzu sai da lasisin TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, kuma kullum dokar canzawa take, sannan kin leƙa ajin da za a ba ki kin ga yara sun haura tamanin, wani yana karanta Turanci wani ko harafi bai sani ba. Na ga 'yan uwa sun yi ta miki addu'a, amin, amma bari in ɗan ja zancen, shekarata 19 ina riƙe da alli a firamaren gwamnati nan cikin Kano.

Batun lasisi shi ne mai sauƙin, don haka da shi zan fara. Ita TRCN ba sabuwa ba ce, tun 1993 aka kafa ta da doka, aikinta yi wa malamai rajista kamar yadda likitoci da nas-nas suke da tasu hukumar. Lokacinmu fom kawai muka cike muka biya kuɗi muka haɗa takardu. Daga 2017 ne aka shigo da jarrabawa, kuma a kwamfuta ake yinta. An kasa malamai gida huɗu, A masu dakta, B masu mastas, C masu digirin farko, D mu 'yan NCE, ke D za ki cike kenan. Wanda digirinsa ba na ilimi ba ne sai ya ƙara PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, tukunna. Kuma ki bambance abu biyu da mutane ke haɗawa, akwai satifiket ɗin rajista akwai lasisi, shi lasisin duk shekara uku ake sabunta shi. A 2025 kuma sun rage fannonin jarrabawar daga 23 zuwa 5, karatu da rubutu, lissafi, ilimin kwamfuta, dabarun koyarwa da kare lafiya da mutuncin yaro, rajistar ma ta koma ta intanet. To kinga tsofaffin tambayoyin da ake sayarwa a bakin makaranta ba lallai su yi miki amfani yadda suka yi wa na gabanki ba, kar ki zuba kuɗinki a kansu ido rufe.

Shawarata ki yi shi tun ƙwaƙwalwarki na da zafi, idan kwalejinku na haɗa ɗalibai su yi tare ki bi sahu, kar ki ce sai na samu aiki. Ni na ga abin da jinkiri ya yi. Da gwamnatin tarayya ta sa wa'adin 31 ga Disamba 2019 cewa duk wanda bai da rajista ya bar aji, wallahi kafe-kafen garin nan cika suka yi, akwai wata yayarmu a makaranta, ta kusa ritaya, malama ce ta gaske wadda yaranta ke iya karatu, amma ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, sai da na yi mako biyu ina koya mata a ofishin hedimasta bayan an tashi, hannunta na rawa tana dariya tana cewa tsufa ya zo da gardama. Wa'adin ya zo ya wuce ba mu ga an kori kowa a wajenmu ba, shi ya sa wasu ke cewa ai burga ce. Ni ban yarda ba. Haka aka ce wa masu Grade II, tsohuwar shaidar malanta, lokacin da aka mayar da NCE mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa, ƙarshe iyayenmu da furfurarsu suka koma karatun Asabar da Lahadi na NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa. Kuma mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2017, malamai sama da dubu ashirin da ɗaya suka faɗi jarrabawar gwaji aka sallame su. Dokar ilimi a ƙasar nan tana iya barci shekara biyar, ranar da ta farka kuma ba sallama.

Canjin ma ba a lasisi kaɗai ya tsaya ba. A 2022 aka ce a koyar da yaran firamare da harshen uwa har aji shida, muka yi murna, a Nuwamba 2025 ministan ilimi ya ce an soke an koma Turanci. To ni dai a ajina idan na faɗa da Turanci na ga idanu sun yi zuru-zuru, da Hausa nake warwarewa sannan in maimaita da Turancin, don ba allo nake koya wa ba.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni kunne sosai, don wannan ba jarrabawar da za ta koya miki shi. Mu a NCE kwas ɗaya tak muka yi kan ilimin masu buƙata ta musamman, muka haddace handawut muka zuba a takarda muka manta. Shekarata ta biyu da fara aiki aka ba ni aji uku, akwai wata yarinya can bayan aji jikin bango, sai in kira sunanta sau uku ba ta ɗago ba, in ce a buɗe littafi ita tana kallon taga. Na ɗauka raini ne da miskilanci. Allah ya yafe min, kusan wata biyu ina zane ta, kuma ba ta kuka, sai dai ta zuba min ido. Wata rana da hunturu iska ta bugo ƙyauren taga da ƙarfi har ni sai da na zabura, duk ajin suka yi ihu, ita kuwa ko gezau, tana ta zanenta a ƙasa da yatsa. Nan jikina ya yi sanyi. Da aka tashi na bi ta har gida, uwar ta ce min tun da ta yi wani zazzaɓi mai zafi tana shekara huɗu kunnen ya yi ta zubar ruwa, daga nan ta koma haka, su a gida sun ɗauka iska ce har rubutu an sha. Kunne ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ɗayan yana ji kaɗan-kaɗan.

Abin da na yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na dawo da ita layin gaba, ta ɓangaren da kunnen mai ji zai fuskance ni. Na daina magana ina rubutu a allo na ba aji baya, don bakina take karantawa, sai na juyo tukunna in yi magana. Na haɗa ta da wata 'yar surutu mai wayo ta riƙa nuna mata shafi. Na lallaɓa uban ya kai ta asibiti sashen kunne, na kuma gaya musu akwai makarantar kurame da makafi a Tudun Maliki idan abin ya ƙaru, suka ce kuɗin adaidaita kullum ba za su iya ba, kuma gaskiyarsu ne. Karatun Turanci ya ba ta wuya har ta bar hannuna, amma a lissafi ba ta taɓa wuce ta biyar ba. Tun daga kanta ban ƙara ɗaga bulala a kan yaro don bai amsa kira ba. Akwai dokar hana nuna wa masu nakasa wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kamar kowa, amma fa a aji mai yara casa'in da malama ɗaya dokar ba ta shigowa da ƙafarta, ke ce za ki lura ko ki kasa lura.

Sai wani yaro kuma, shi daga tsangaya aka kawo shi, shekararsa sha biyu aka sa shi aji biyu cikin 'yan shekara bakwai, ya fi kowa tsawo, kunya ta hana shi buɗe baki. Malamin da ya riƙe shi kafin ni ya ce min daƙiƙi ne. Da na karɓi littafinsa sai na ga daga bangon baya ya fara rubutu, yana tafiya daga dama zuwa hagu. Na ce ya rubuta min sunansa da ajami, sai ga hannu mai kyau kamar a allon zayyana, ashe yaron ya haura izu ashirin. Kinga wanda ya iya wannan ai ya san harafi yana ɗauke da sauti, rabin aikin an gama min. Sai na riƙa ajiye masa baƙin Larabci a gefen na boko, ba da b, ta da t, wasali da wasali, kafin zango biyu yana karanta Hausar boko tiryan-tiryan, na ba shi monita don girmansa ya zame masa abin alfahari. Irin waɗannan suna da yawa a makarantun Kano musamman tun da aka ce ilimi kyauta ne kuma dole a 2019.

Sauran za ki gan su da kanki. Mai sikila da zai yi sati biyu ba ya nan, kar ki tarbe shi da faɗa, ki bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari duk sanda ya nema. Wadda ke gyangyaɗi don ta yi tallan safe ba ta karya ba. Bahago, dan Allah ki bar shi da hagunsa. Mai matse ido yana kwafar allo ba daidai ba. Ɗan Fulani ko Babarbare da Hausar ma ba ta zauna masa ba, in kuma wajen Sabon Gari ko Birget aka tura ki ga 'ya'yan Yarbawa da Ibo.

A takarda malami ɗaya yara 35 ne a firamare, ke kin riga kin ga zahiri. Ni abin da ya cece ni shi ne makon farko ba na koyar da komai daga manhaja. Kwali nake yankawa in rubuta haruffa, kalmomi, jimla gajera, da ɗan labari, ina kiran yara ɗaya bayan ɗaya bakin ƙofa minti biyu-biyu, in ga inda kowa ya tsaya. Daga nan in raba su rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko tsawo ba, kullum in ware minti talatin kowane rukuni na aikin da ya dace da shi, masu harafi suna harafi, masu labari suna karanta wa junansu, lissafi kuma da marfin kwalba da tsinken tsintsiya. Asalin dabarar daga Indiya take kuma an gwada ta a wasu ƙananan hukumomin jihar nan. Sunan rukunin ki sa na tsuntsaye ko launi, kar ki kuskura yaro ya ji an ce rukunin marasa ƙoƙari, sunan zai bi shi har layinsu. Ajin zai yi hayaniya, wani hedimastan zai leƙo ya ɓata rai, ki yi masa bayani da ladabi tun kafin ki fara don ke baƙuwa ce.

Shi malamin da zai zo duba ki daga kwaleji shirin darasi zai nema da kayan koyarwa, ki rubuta masa tsaf ki samu makinki, babu laifi. Amma ki samu tsohuwar malama ɗaya a makarantar ki maƙale mata, ki roƙi ta bar ki ki zauna bayan ajinta kwana uku kina kallo. In kin samu dama ki koyi maganar hannu ko gaisuwa da ƙirga ne, in kuma za ki wuce digiri akwai sashen ilimin masu buƙata ta musamman a BUK, ni da na san haka tun farko da shi na karanta.

Bari in tsaya nan girki na jirana. Ranar Litinin ki tafi da kwalinki, idan kin gama gwajin ki dawo nan ki faɗa min nawa ne ba su san harafi ba nawa ne ke karanta jimla, sai mu ga yadda za a raba su.