Amsa ga malamar da 'yan ajinta suka kasa rubuta labari

Assalamu alaikum. Malama, kin ce in kin ba 'yan aji biyar insha'i, layi uku suke yi su tsaya, kuma duk "sai na tashi, sai na yi wanka, sai na tafi". Na daɗe ina koyar da aji huɗu zuwa shida, kuma a ganina yaran nan sun iya labari. Ki tsaya kusa da su in an tashi tara, ki ji yadda ɗaya yake ba sauran labarin faɗan da aka yi a unguwarsu, har da kwaikwayon murya. Aikinki shi ne ki sauko da wannan daga baki zuwa takarda.

Yawancin matsalar daga batun da muke ba su take. "Makarantarmu" ko "Yadda na yi hutu" ba su da abin da zai ja yaro. Labari yana son matsala. Ki ce su rubuta ranar da aka aike su cefane kuɗin suka faɗi, ko ranar da ragon layya ya tsinke igiya ana gobe Sallah.

Kafin a buɗe littafi, ki sa ɗaya ya yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har ƙurunƙus. Sannan ki tambayi aji: wane ne a labarin, me yake so, me ya hana shi, yaya aka ƙare? Ki rubuta amsoshin a allo. Da tambayoyin nan huɗu kowa zai tsara nasa.

Batun "sai" kuwa, kada ki hana shi, don labarin Hausa ba ya yi sai da shi. Abokan tafiya za ki nemo masa: da, bayan, kafin, ko da, amma, saboda. Nakan ɗauko jimloli daga littafin wani yaro, ba tare da faɗin sunansa ba, in sa a allo: "Sai na je kasuwa. Sai na duba aljihu. Sai ban ga kuɗi ba." In ce a haɗa mini su su zama ɗaya. Za a yi ta gwadawa, har wata ta ce, "Da na isa gaban mai tumatir na laluba aljihu, babu kuɗi babu dalilinsu." Ki bar jimlolin farko da wannan a allo, su karanta da ƙarfi, kunnensu ya zaɓa. Minti goma na irin wannan kullum ya fi dogon darasin nahawu amfani.

Karatu da ƙarfin nan shi ke gyara wani kuskuren ma. Yaro zai fara da "suka bi ragon", can ya koma "sun kama shi sun ɗaure". In ya ji da kunnensa, da kansa zai mayar "suka kama shi suka ɗaure". Haka aya: inda muryarsa ta sauka, nan za ta zauna.

Wajen dubawa, don Allah ki sassauta jan biro. Na san aji a cike yake, kuma littafin da ya dawo jawur yana kashe wa yaro gwiwa. Kowane mako abu ɗaya za ki duba, ki sanar da su tun farko. Wannan makon aya da babban baƙi. Na gaba raba kalmomi, "ya ce" ba "yace" ba. Na gaba ɓ, ɗ da ƙ, don kafa daban, ƙafa daban. A ƙarƙashin kowane aiki ki ja layi a jimla ɗaya da ta yi kyau.

In Turanci ne damuwarki saboda jarrabawar shiga sakandare, su fara tsara labarin da Hausa da tambayoyin nan huɗu, sannan su rubuta da Turancin.