Tambayi Makanike: Famfon gazwal ya ƙi turo mai

Tambaya: Maigida, barka da aiki. Ina da tsohuwar Hilux mai shan gazwal, da ita nake jigilar albasa daga Galmi zuwa Tawa. Mai ya ƙare mini a hanya, na sayi jarka guda a bakin titi na zuba. Tun daga nan injin yana juyawa amma ya ƙi tashi. Yaron gareji ya ce famfo ya mutu, sai a cire a kai Yamai. Ƙaƙa zan yi? Direba daga Tawa.

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka yarda a cire famfon nan tukuna. Motar da mai ya ƙare mata iska take sha, kuma famfo ba ya iya tura iska.

Fara da filtar gazwal. A kanta akwai ɗan famfon hannu. Yi ta danna shi har ka ji ya yi tauri. In ya ƙi tauri, akwai tiyon da ya tsage yana zuƙar iska, ko robar filtar ba ta zauna ba. Kwance ƙasan filtar ka tari abin da ya zubo a kwalba mai haske. Ruwa ya fi gazwal nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa. Man jarka shi ne yake cutar mu, in ka ga ruwa ko yashi ka sake filta, ka wanke tanki.

Sai wayar nan guda da ke bayan famfo, wadda ke buɗe wa mai hanya. Sa yaro ya murɗa makulli, kai ka kasa kunne. Ya kamata ka ji "ƙas". In shiru, duba fiyus da wayar. Bara an jawo mini wata mota tun daga Abalak, mai ita har ya sayar da raguna biyu don kuɗin famfo. Ashe wayar ce ta zame. Raina ya ɓaci ƙwarai da asarar da ya yi.

In ka ji ƙarar, sassauta notin bututun anjektar (masu fesa mai a cikin injin) guda biyu, a buga sitata na daƙiƙa 10, a huta. Kumfa zai fara fita, sannan mai. Janye hannunka daga wurin, man yana iya huda fata. Da ka ga mai zalla, ɗaure, ka tayar.

Idan duk an yi haka bututun yana nan a bushe, to a duba bel ɗin taimin, wanda ke juya famfon. In yana lafiya, sai a yi wa famfon alamar yadda yake zaune a cire, a kai wa mai injin gwaji.